Awon da Ba a Yanke Ba: Abin da Bibiyar Ruwan Mashigin San Faransisko Ta Nuna Daga 1969 Zuwa Yau

Tsakure

Wannan takarda ta duba aikin bibiyar lafiyar ruwa na dogon zango a mahaɗar kogi da teku. Ta ɗauki Mashigin San Faransisko da ke jihar Kalifoniya ta Amurka a matsayin abin nazari, domin tun 1969 ake awon ruwansa a wurare iri ɗaya ba tare da an daina ba. Hujjar takardar ita ce darajar irin wannan awo tana cikin tsawonsa da rashin yankewarsa, domin manyan sauye-sauyen da suka auku a mashigin babu wanda ya hango su, kuma da ba a gane sababinsu ba in ba don alƙaluman shekarun da suka gabace su ba. Takardar ta kuma taɓo abin da ya faru a Ingila lokacin da aka dakatar da irin wannan aiki, da abin da ya shafi bakin Kogin Neja.

1.0 Gabatarwa



Mahaɗar kogi da teku wuri ne da ruwan daɗi ke gauraya da ruwan gishiri, ya zama zartsi. Nan ne kifaye da jatan lande da ƙaguwa masu yawa ke renon 'ya'yansu kafin su fita teku, nan ne kuma manyan birane suka fi son kafuwa saboda tashar jiragen ruwa. Duk abin da aka zubar a tudu, taki ne ko najasa ko dagwalon masana'anta, ƙarshensa nan yake tararwa. Saboda haka tambayar da hukuma da masunta da mazauna gari ke yi wa masani ɗaya ce: ruwan nan yana gyaruwa ne ko yana lalacewa?

Amsa wannan tambaya ya fi yadda ake zato wuya. Ruwan mahaɗa ba ya zama da kama ɗaya ko na yini guda. Teku na cikowa ta janye sau biyu a rana, gishirin ruwan ya hau ya sauka tare da ita. Damina na kawo ruwan daɗi da laka, rani ya bar gishiri ya kutso can ciki. Shekarar fari daban, shekarar ambaliya daban. Wanda ya je da kwalba ya ɗebi ruwa sau uku ya rubuta rahoto, gaskiya ya faɗa game da waɗannan ranaku uku, amma bai amsa tambayar ba. Abin kamar katin awon jariri ne a asibiti: nauyin wata ɗaya ba ya gaya wa ma'aikaciyar jinya komai, sai ta ga inda layin ya dosa cikin watanni kafin ta ce yaro na ci gaba ko yana ramewa.

2.0 Wurin Nazari da Yadda Ake Awon

Koguna biyu, Sakaramento da San Joaquin, su ke kwaso ruwan kusan kashi 40 cikin 100 na faɗin Kalifoniya su zuba a wannan mashigi, daga nan ruwan ya fita Tekun Pasifik ta ƙarƙashin gadar Golden Gate. Ɓangaren arewa, inda Mashigin Suisun yake, shi ke karɓar ruwan kogunan. Ɓangaren kudu kuwa kamar aljihu yake, ruwan daɗinsa kaɗan ne, a lokacin rani ma mafi yawansa daga matatun najasar birane yake fitowa.

Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, wato USGS, ta soma awon ruwan a 1969. Ta kafa tashoshi 37 a kan layi mai tsawon kimanin kilomita 145, daga ƙuryar kudu har garin Rio Vista a kan Kogin Sakaramento. Aikin kansa ba shi da wani armashi ga mai kallo. Jirgi ya tashi da sassafe, ya tsaya a tasha ta farko, a saukar da na'ura da igiya a hankali daga saman ruwa har ƙasa, tana rubuta zafi da gishiri da iskar oksijin da duhun ruwan a kowane zurfi. A ɗebi ruwa a kwalabe, a tace shi ta wata 'yar farar takarda mai faɗin kwabo. Takardar kan fito da launin ƙasa-ƙasa ko kore, gwargwadon laka da ƙwayoyin gansakukar da ta kama. A naɗe ta a sa a ƙanƙara, sai an koma ɗakin gwaji a auna kulorofil ɗin da ke jikinta, wato koren sinadarin da ke nuna yawan gansakukar. A ja anga, a nufi tasha ta gaba, a sake yin daidai abin da aka yi. Shekara da shekaru jirgin da ya yi wannan zirga-zirga shi ne Polaris, wanda aka ƙera tun 1927, sai a 2015 aka sallame shi.

Akwai wani abu da nake so ɗalibai su riƙe a nan. Na'urori sun sauya sau da yawa cikin waɗannan shekaru, amma ma'aikatan ba su daina auna oksijin da tsohuwar hanyar Winkler ta 1888 ba, wadda ake yi da hannu ana ɗiga sinadari a kwalba, domin a gwada ta da abin da na'ura ta rubuta. Da haka ne lambar 1975 da ta 2015 suka zama abin da za a iya jerawa a layi ɗaya. Awon da aka sauya wa hanya ba tare da an gwada sabuwa da tsohuwa ba, ya yanke ke nan, ko da jirgi bai fasa fita ko sau ɗaya ba.

Ba USGS kaɗai ke wannan aiki ba. Hukumar kula da kifi ta jihar tana jan koma a watannin kaka tun 1967 don ƙidayar kifaye, ta kuma ƙara wani shirin a 1980 da ya game mashigin duka. Ma'aunin tsayin teku na birnin San Faransisko kuwa tun 1854 yake aiki, kuma ya nuna teku ta hau kimanin santimita 20 cikin shekara ɗari. Haɗuwar waɗannan alƙaluma ita ta ba da damar fassara abubuwan da ke tafe.

3.0 Abin da Alƙaluman Suka Nuna

3.1 Doka ta yi aiki

Na farko mai sauƙi ne. Kafin shekarun 1970, ƙuryar kudancin mashigin kan rasa oksijin a lokacin zafi saboda najasar da ba a tace da kyau ba, kifi ya mutu, wari ya tashi. Bayan dokar tsabtace ruwa ta 1972 an inganta matatun, kuma zuwa ƙarshen wannan goman oksijin ya dawo. Da babu awon kafin gyara, da ba wanda zai iya nuna wa mai biyan haraji cewa kuɗinsa sun yi amfani.

3.2 Ƙumbar da ta zo daga Asiya

Na biyu shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Ƙwayoyin gansakuka masu yawo a ruwa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, su ne tushen abincin mahaɗa. Ƙananan halittu su ci su, ƙananan kifaye su ci waɗannan, manya su ci ƙanana. A Suisun, tun da aka fara awo, kusan kowace bazara sai gansakukar ta yi yabanya, kulorofil ya hau sosai. An saba da wannan har an ɗauke shi ɗabi'ar wurin.

A ƙarshen 1986 aka tsinci wata 'yar ƙumbar ruwa da ba a san ta a nan ba, mai suna Potamocorbula amurensis, 'yar asalin gabashin Asiya. Masana sun fi karkata ga cewa ta zo ne a ruwan da manyan jirage ke ɗiba a wata tasha don daidaita nauyinsu, su zubar a wata. Ta zo a kan gaɓa. Babbar ambaliyar Fabrairun 1986 ta riga ta share halittun da ke zaune a ƙasan Suisun, fari kuma ya biyo baya daga 1987 zuwa 1992, gishiri ya shigo, wuri ya zama nata ita kaɗai. Cikin shekara biyu ta shimfiɗe ƙasan ruwan, a wasu wurare fiye da 10,000 a murabba'in mita ɗaya. Abincinta tace ruwa ne, kuma a wurare marasa zurfi yawanta ya kai ta tace dukkan ruwan da ke samanta fiye da sau ɗaya a yini, wato tana cin gansakukar fiye da saurin da take hayayyafa.

Daga 1987 yabanyar bazara ta ɓace a Suisun, kuma ba ta dawo yadda take ba. Andrea Alpine da James Cloern sun nuna a 1992 cewa abin da gansakukar ke samarwa a shekara ya faɗi har kusan ninki biyar. Wata ƙaramar jatan lande da 'ya'yan kifi suka dogara da ita ta kusa ƙarewa, wasu kifayen kuma suka ƙaura zuwa inda gishiri ya fi yawa.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: ta yaya aka san ƙumbar ce, tun da fari ma ya zo a lokaci guda? A nan tsawon awo ya yi rana. An taɓa yin fari mai tsanani a 1976 da 1977, kuma a 1977 ɗin ma yabanyar ta ɓace. Frederic Nichols ya nuna cewa a wancan karon wata ƙumbar ce mai son gishiri ta hauro Suisun ta cinye gansakukar, da ruwan daɗi ya dawo ta mutu, yabanya ta komo. Ke nan masana na da misali a hannu kafin 1987. Da farin na biyu ya wuce, ruwan sama ya dawo, amma gansakuka ba ta dawo ba, sai bambancin ya fito fili: sabuwar baƙuwar tana jure ruwan daɗi da na gishiri duka, ba ta da niyyar tafiya. Mai binciken da ya fara aikinsa a 1988 zai auna ruwan da kyau, ya rubuta cewa Suisun wuri ne mai ƙarancin gansakuka, a ba shi digirinsa, alhali bai san shekara biyu kafin zuwansa wurin ba haka yake ba.

3.3 Garkuwar da ta fara tsagewa

Shekaru da yawa ana mamakin wannan mashigi. Naitirojin da fosfaras da ke cikinsa, wato takin gansakuka, sun kai, har sun wuce, na Mashigin Chesapeake da ke gabashin Amurka, amma shi bai fama da yabanyar gansakuka mai kashe kifi irin ta can ba. An ba da dalilai uku: ruwan na da laka, haske ba ya shiga da nisa; ƙumbobi na tacewa; cikowa da janyewar teku kuma na da ƙarfi, suna dama ruwan kullum. Aka ɗauka wannan garkuwa ce ta dindindin, shi ya sa ba a tilasta wa matatun najasa cire naitirojin ba.

Wajen 1999 abubuwa biyu suka sauya, kuma dukansu daga wajen mashigin suka taso. Na ɗaya daga teku. Gabashin Pasifik ya shiga wani zango na sanyi, ruwan ƙasa mai albarka ya riƙa tasowa a gaɓar Kalifoniya, 'ya'yan ƙaguwa da jatan lande da kifaye masu kwanciya a ƙasa suka cika mashigin. Waɗannan kuwa ƙumba suke ci. Ƙumbobin kudu suka ragu, gansakuka ta samu sarari, har aka fara ganin yabanya a kaka, lokacin da a da ba a san ta da yi ba. Cloern da abokan aikinsa sun bayyana wannan a 2007, kuma sun iya ne don sun ɗora alƙaluman ruwa a kan na komar hukumar kifi.

Na biyu daga tudu, kuma tushensa ya haura shekara ɗari. Masu haƙar zinariya a duwatsun Sierra Nevada sun yi amfani da ruwa mai ƙarfi suna rusa tsaunuka daga 1853 har kotu ta hana a 1884, suka tura ƙasa da ta kai kimanin kubik mita biliyan ɗaya cikin koguna. Wani kaso nata ya kwanta a mashigin, igiyar ruwa na tayar da shi shekara da shekaru. Madatsun ruwa da aka gina daga baya suka tare sabuwar laka. David Schoellhamer ya nuna cewa a 1999 lakar da ke yawo a ruwan ta ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 kusan lokaci guda, alamar cewa tsohon tarin ya kusa ƙarewa. Ruwa ya yi haske, rana ta ƙara shiga.

Masu awon sun yi ta gargaɗi cewa garkuwar na raguwa alhali takin na nan jibge. A ƙarshen Yulin 2022 wata gansakuka mai suna Heterosigma akashiwo ta fara yaɗuwa kusa da Alameda, cikin Agusta ta mamaye tsakiya da kudancin mashigin, ruwa ya koma ja-ja kamar shayi. Kifaye dubbai suka mutu, gawarwakinsu suka taru a gefen Tafkin Merritt a tsakiyar birnin Oakland, har da manyan kifayen sitajin masu shekaru da dama a duniya. Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan karon ba a sha wahalar neman dalili ba, domin alƙaluman naitirojin na shekara hamsin na ajiye. A Yulin 2024 hukumar kula da ingancin ruwa ta yankin ta umarci matatun najasa su rage naitirojin da suke zubarwa a lokacin rani da kashi 40 cikin 100 cikin shekara goma, aikin da aka ƙiyasta zai ci kimanin dala biliyan 11. A ganina an makara, domin hujjar ta daɗe a kan tebur. Amma ba a yanke hukunci mai tsada haka a kan zato, kuma awon ne ya sa aka iya yanke shi.

4.0 In Aka Yanke

Abokin gabar irin wannan aiki shi ne kasafin kuɗi. Masu ba da tallafin bincike sun fi son aikin shekara uku mai sabuwar tambaya, suna kallon awo na yau da kullum a matsayin maimaici. A Ingila, masanan Plymouth sun fara awon ruwa a tashar da ake kira E1 tun 1903, kuma daga nan aka gano yadda halittun yankin suka juya a shekarun 1930, suka sake juyawa bayan shekaru talatin da wani abu. A 1987 aka dakatar da aikin saboda sauyin tsarin kuɗi, sai farkon shekarun 2000 aka koma. Shirin da Alister Hardy ya kafa a 1931, wanda jiragen kasuwanci ke jan wata na'ura mai ƙyallen siliki tana kama ƙananan halittun teku, shi ma saura ƙiris a rufe shi a ƙarshen shekarun 1980, sai da aka kafa gidauniya a 1990 ta ɗauke shi. Daga baya alƙaluman wannan shiri suka nuna cewa a daidai waɗannan shekaru ne Tekun Arewa ta yi babban juyi, ruwa ya ɗumama, nau'o'in halittu suka sauya. A tashar E1 kuwa an rufe ido a lokacin da ya fi kamata a buɗe shi. Kuɗi na iya dawowa, jirgi na iya sake fita, amma ruwan 1990 ba wanda zai sake ɗebo shi.

Inda aka daure kuwa ana ganin amfani ko da labarin ba mai daɗi ba ne. Tun 1985 Nancy Rabalais da abokan aikinta ke auna yankin da oksijin ke faɗuwa ƙasa da miligiram 2 a lita a Tekun Meziko, gaban bakin Kogin Misisipi. A 2017 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 22,720, alhali burin hukuma a sauko da shi ƙasa da 5,000. Takin gonakin masara da ke nesa da teku da fiye da kilomita dubu shi ne babban sababi.

5.0 Bakin Kogin Neja

Wannan batu na ƙarshe shi ya kawo maganar gida. Ruwan Kano da Haɗeja Tafkin Chadi yake nufa, amma na Rima da Zamfara da Kaduna da Gongola duk teku yake zuwa, ta Neja da Binuwai. Takin fadamun Kebbi da dagwalon masana'antun Kaduna suna da hanya har Neja Delta. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da ta Jebba, da ta Shiroro, da ta Lagdo a Kamaru, suna tare lakar da a da take gina gaɓar. Baƙin tsirrai ma mun gani: wani irin kwakwan fadama daga Asiya da aka shuka a Kalaba a 1906 yana ta korar itatuwan gaɓa na asali, wata kainuwa mai shuɗin fure 'yar Kudancin Amurka kuma ta shigo ruwan Legas a 1984. Duk abubuwan da suka juya Mashigin San Faransisko suna da takwarorinsu a gaɓarmu mai tsawon kilomita 853, ga kuma malalar ɗanyen mai a kai.

Rahoton da Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a 2011 aiki ne mai nauyi: an ɗebi samfuri fiye da 4,000, an samu sinadarin benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya sau 900, an kuma ce farfaɗowar yankin na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Amma aikin wata 14 ne. Alƙawarin shekara talatin ba ya tabbata sai da awon shekara talatin, a tashoshi iri ɗaya, da hanya iri ɗaya, alƙaluman kuma a buɗe ga kowa kamar yadda USGS ta saka nata a intanet.

Abin da ake buƙata don farawa bai fi ƙarfinmu ba: kwalekwale mai inji, ma'aunin zafi da gishiri, farin faifan auna hasken ruwa, kayan Winkler, firji, da ma'aikata biyu ko uku da za a riƙe da albashi mai kyau. Tashoshi goma da za a iya zuwa kowane wata har shekara talatin sun fi tashoshi ɗari da za a watsar bayan tallafi ya ƙare. Ina kira ga Cibiyar Binciken Teku ta Najeriya da ke Legas, da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi da ke New Bussa, da jami'o'in da ke bakin Neja da Binuwai daga Yawuri har Fatakwal, su zauna su amince da jerin tashoshi ɗaya da hanyar awo ɗaya, a kuma sa kuɗin aikin cikin kasafin kowace shekara tare da albashi, kada a jingina shi ga tallafin waje.